Daga Milan Zuwa Nafoli A Jirgin Ƙasa

Akwai wata irin tafiya da samarin Turai da na Amurka suka saba yi, wadda har yanzu ba ta bazu a tsakaninmu ba. Mutum ba ya ɗaukar akwati, ba ya neman ɗan dako, ba ya sauka babban otel. Duk guzurinsa yana cikin jaka ɗaya mai maratayi biyu, wadda ya ke goyawa a baya. Ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya sauka gari, ya kwana ɗaya ko biyu a masaukin matasa, inda a ke haɗa mutum shida ko takwas ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu, ya taka garin da ƙafarsa, sa'an nan ya koma tasha ya yi gaba. Tun shekara ta 1959 hukumomin reluwe na Turai suka fito da tikiti ɗaya mai suna Eurail domin baƙin da ba mazauna Turai ba ne, a 1972 kuma suka fito da Interrail domin 'ya'yansu. Irin wannan tafiya muka yi a ƙasar Italiya, mu biyu, dukanmu malaman makaranta, kwana goma sha biyu cikin watan Oktoba, daga Milan a arewa har Nafoli a kudu.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya kwana biyu a gari ba shi da bakin yanke wa garin hukunci, saboda haka abin da za mu ba da a nan ganin farko ne kawai. Amma da ya ke sana'a ba ta barin mai ita, mun ɗauki wani ma'auni da muka riƙa auna kowane gari da shi. Kullum da sassafe, kafin ƙarfe takwas, sai mu bar manyan tituna mu kutsa lunguna, mu duba ko za mu ga yara da jakunkuna za su makaranta. Gine-gine kowane baƙo yana ganinsu, har ma ya biya kuɗi ya gani. Ko garin yana da sauran masu shi, wannan 'yan makaranta ne ke nunawa.

Ƙasa Tsohuwa, Daula Sabuwa

Kafin mu shiga labarin garuruwan ɗaya ɗaya, ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda. Shekaru aru-aru babu wata daula mai suna Italiya. Benis jamhuriya ce mai cin gashin kanta har 1797. Rum da kewayenta Paparoma ke mulkinsu. Nafoli tana da sarkinta, Fulorans ta daɗe a hannun gidan Medici, Milan kuwa ta zauna ƙarƙashin Sifen, daga baya ta koma hannun Ostiriya. Sai a 1861 aka kafa daula ɗaya, Benis ta shigo a 1866, Rum a 1870. Shi ya sa in ka zauna a jirgi awa ɗaya ko biyu ka sauka, sai ka tarar gini ya sake, abinci ya sake, har karin harshen mutane ya sake.

Jiragen da suka ɗinke garuruwan nan iri biyu ne. Akwai masu gudu, watau Frecciarossa na reluwen gwamnati, ma'anar sunan kuwa jar kibiya, da Italo na wani kamfani da ya fara aiki a 2012. Waɗannan suna kai gudun kilomita 300 a awa, su ɗauko mutum daga Milan su sauke shi Rum cikin awa uku ko kusa da haka. Kowa da lambar kujerarsa, kuma wanda ya sayi tikiti tun da wuri ya fi samun rangwame. Akwai kuma masu tafiya sannu, waɗanda ke tsayawa kowace tasha, kuɗinsu kaɗan ne kuma ba ya hawa da sauka. Wanda ya riƙe tikitin takarda na irin waɗannan tilas ya sa shi cikin wata 'yar na'ura a bakin dandamali ta buga masa kwanan wata kafin ya hau, in ya manta kuwa mai duba tikiti zai ci shi tara. Kalma ta farko da baƙo zai koya ita ce binario, watau layin da jirginsa zai tsaya. Ya kuma sani sunayen da ke allon tasha ba su ne na littafin makaranta ba. Fulorans a wurin masu ita Firenze ce, Benis kuma Venezia.

Milan

Tashar Milan, wadda aka buɗe a 1931, ita kanta abin kallo ce. Jirgi yana shiga ƙarƙashin wata irin rumfa ta ƙarfe da gilashi mai tsawon gaske, in ka fito daga dandamali kuma sai ka faɗa zaure na dutse wanda rufinsa ya yi nisa, kai ka ce fada ce. Ba wanda ya dube mu. Kowa sauri ya ke, kowa ya ci ado, mu kuwa ga mu nan da goyo kamar masu ƙaura.

A tsakiyar gari babbar majami'arsu ta ke, ta farin dutse mai santsi, duk kanta tsinaye kamar an kafa mashi. An fara ginin a 1386, ƙofarta ta ƙarshe kuwa sai a 1965 aka buɗe. Watau magini ya aza harsashi, jikokin jikokinsa ba su ga ƙarshen aiki ba. A yaƙin duniya na biyu, cikin Agusta 1943, jiragen sama sun yi wa Milan ruwan bom, shi ya sa tsohon gini da sabo su ke jere kafaɗa da kafaɗa. Har yau waɗansu daga jiragen titi masu aiki da lantarki, waɗanda aka ƙera wajen 1928, suna nan suna jigila da bencinsu na katako.

Milan garin banki ne, da ɗinki, da masana'antu. A nan muka fara ganin yadda su ke shan gahawa: a tsaye a bakin kanta, cikin ɗan finjali wanda kurɓa biyu ke ƙarewa, a aje kuɗi a wuce. Wanda ya ce sai ya zauna tebur a kawo masa, yawanci kuɗinsa ya fi. Da safe mun ga yara ko'ina, waɗansu a bayan keken iyayensu, waɗansu cikin jirgin titi. Milan tana da aikin gabanta, ba ta jiran baƙo.

Benis

Daga Milan zuwa Benis kamar awa biyu da rabi ne. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin masara da na inabi, ga masana'antu jefi-jefi. Ka hangi tafkin Garda ta taga, ka wuce Berona da Faduwa, ka iso Mestre, wadda ita ce tasha ta ƙarshe a kan tudu. Daga nan sai ƙasa ta ƙare. Jirgi ya hau wata gada mai bakan gizo 222, tsawonta ya fi kilomita uku da rabi, ruwa dama ruwa hagun, gari kuwa yana can gaba kamar yana iyo. An buɗe gadan nan a 1846. Kafin ita, ba mai shiga Benis sai da jirgin ruwa.

In ka sauko matakalar tasha, abin da ke gabanka a madadin titi babban mashigin ruwa ne. Babu mota, babu babur. Garin yana kan 'yan tsibirai 118, gadoji fiye da 400 ke haɗa su, gidajen kuwa suna zaune kan turakun itace da aka kakkafa cikin laka ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Motar asibiti jirgin ruwa ce, ta kwashe shara jirgin ruwa ce, ko gawa a jirgin ruwa a ke kai ta tsibirin maƙabarta. A nan mai jakar goyo ya gode Allah, don mai akwati a kowace gada sai ya ɗaga shi ya hau ya sauka. Ba mu taɓa ganin gari mai kyan wannan ba, kuma ba mu tsammanin akwai.

To, amma da muka fita da sassafe neman 'yan makaranta, sai muka yi ta tafiya lungu bayan lungu shiru, tagogi a rufe, sai can a wata unguwa ta arewacin gari muka gamu da ɗan gungu. Taron da muka gani na gaske a tasha ne: ma'aikata suna saukowa daga jirgin Mestre, masu shara da masu dafa abinci da masu tsaron kanti, waɗanda da dare jirgin zai mai da su. A 1951 mutanen tsohon gari sun kai wajen 175,000. A 2022 sun kasa 50,000. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai gida ya ga ya fi samun riba in ya ba baƙi hayar kwana-kwana, kuɗin haya ya fi ƙarfin ɗan gari, kome za a saya sai an ɗauko shi a jirgin ruwa an tura a amalanke, ga kuma ambaliya. Ran 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya hau santimita 194. Tun 2020 suna da ƙofofin ƙarfe 78 da a ke tayarwa daga ƙarƙashin ruwa su tare teku, a 2024 kuma aka fara karɓar Yuro 5 a waɗansu ranaku daga baƙin da ke yini su koma. An samo dabarar tare ruwa, ta tare mutane ce ba a samo ba tukuna.

Malamai za su so su ji cewa muna da tsohuwar hulɗa da garin nan. Wani malami da ya tashi a Fas, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Afrikanus, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka kai shi wurin Paparoma. A Rum ya gama rubuta littafinsa na labarin Afirka a 1526, a Benis kuma aka buga shi a 1550, cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Har wa yau, da yawa daga littattafan hannu na malamanmu na ƙarni na 19, in ka ɗaga takardar ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku. A ƙasar da ke bayan Benis aka yi takardar, fatake suka kawo ta ta Tarabulus da Masar.

Bolonya

Mun bar Benis muka yi kudu, muka ƙetare kogin Po kusa da Ferara, cikin kamar awa ɗaya da rabi muka iso Bolonya, mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasar. A bangon tashar ta waje akwai agogo da ke tsaye a kan goma da minti ashirin da biyar. A wannan lokaci ne, ran 2 ga Agusta 1980, bom ya tashi a ɗakin jira ya kashe mutum 85, daga baya aka tsayar da agogon a kan wannan lokaci don kada a manta.

Garin ja ne, jan bulo da jan fenti, kuma kusan kowane titi yana da rumfa ta gini a gefensa, bene na sama ya fito ya zauna kan ginshiƙai, mai tafiya yana bi ta ƙarƙashi. In an haɗa tsawon rumfunan duka sun kai kilomita 62. Ranar da muka iso ana yayyafi, muka zaga gari har magariba jakarmu ba ta jiƙe ba. A tsakiyar gari akwai hasumiya biyu, doguwar mita 97, gajeriyar kuwa ta karkace har an killace kewayenta tun 2023 ana gyara.

Jami'ar Bolonya tana lissafin shekarunta daga 1088, ita a ke ɗauka mafi tsufa a Turai. Abin da zai ba malamai dariya shi ne a zamanin farko ɗalibai ke riƙe da ita. Su ke ɗaukar malami, su ke biyansa, in ya makara ko ya tsallake babi su ci shi tara. Har yau ɗalibai dubun-dubata ke zaune cikin tsohon garin, suna haya a benaye, suna cin abinci a 'yan shaguna masu araha. Mun ga wata yarinya da ta gama digiri an ɗora mata kambin ganye a ka, iyaye da ƙawaye suna biye da ita suna waƙa. Da safe kuwa yara ƙanana suna tafe ƙarƙashin rumfunan nan kamar yadda kakanninsu suka yi. A nan tsohon gini bai zama abin kallo ba, gida ne, ana kwana ciki.

Fulorans

Tsakanin Bolonya da Fulorans akwai jerin duwatsun Afenin, ƙashin bayan Italiya. Sabuwar hanyar da aka buɗe a 2009 tsawonta kilomita 78, cikinsu 73 a ƙarƙashin dutse su ke. Ka shiga duhu, kafin minti arba'in ka fito wata ƙasa dabam, mai tuddai da itatuwan zaitun. Wanda ke son ya ga duwatsun da idonsa sai ya bi jirgi mai sannu ta tsohuwar hanya.

Tashar Fulorans gini ne gajere marar ado, na 1935, kamar an yi shi don kada ya yi gasa da abin da ke gaba. Tafiyar minti goma sai ka tsaya ƙarƙashin ƙubbar babbar majami'a, wadda Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436, da jan bulo, ba tare da ya kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Mun hau matakala 463 muka leƙa garin, rufi duk ja, kogin Arno ya ratsa tsakiya. A kan kogin akwai gadar da aka gina a 1345, shaguna a jere a kanta. Da mahauta ne a ciki, a 1593 aka tashe su aka zuba maƙeran zinariya, su ne har yau.

Italiyancin da a ke koyarwa a makaranta daga harshen wannan gari aka ɗauko shi, saboda darajar marubutansa, babbansu Dante, wanda ya rasu a 1321. Garin ya taɓa zama hedkwatar ƙasa daga 1865 zuwa 1871. A ranar da ruwa ya ci Benis a 1966, a ranar Arno ya cika ya shiga Fulorans, laka ta binne littattafai a babban ɗakin karatu na ƙasa, samari daga ƙasashe dabam-dabam suka zo suka yi ta tsamo su ɗaya ɗaya.

Sai dai tsakiyar garin ta kama hanyar Benis. Ko'ina layi, ko'ina tikiti, harshen baƙi ya fi na 'yan gari yawa a titi. Sai da muka ƙetare kogi muka sami dukawa da masu gyaran kujeru da masu ɗaurin littafi suna buɗe shaguna, ga uwaye suna jan yara zuwa makaranta. Garin yana nan, amma ya ja da baya ya bar wa baƙi zaure.

Rum

Awa ɗaya da rabi ke tsakanin Fulorans da Rum. In ka fito daga babbar tasha ka dubi dama, za ka ga wani guntun bango na manyan duwatsu, motoci suna wucewa ba mai kula shi. Ragowar ganuwar birni ce, an gina ta a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka Rum ta ke duk inda ka juya, zamani a kan zamani. Ko hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa za su haƙa, sai ma'aikata su ci karo da gidajen mutanen da, a tsaya a kira masana, aiki ya yi ta jan jiki.

Mun ga Kolosiyam, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80, wanda ke ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Mun shiga Pantiyon, mai ƙubba ta kankare faɗin mita 43, ba ƙarfe ko ɗaya a cikinta, tana tsaye tun wajen shekara ta 125. Amma abin da ya fi yi wa mai jakar goyo amfani shi ne ruwa. Akwai famfunan ƙarfe fiye da 2,000 a titunan Rum, ruwa mai sanyi yana zuba dare da rana, kowa ya sha kyauta. Wata hanyar ruwa da aka gina shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa har yau ita ke kawo ruwa ga shahararren marmaron Trevi. A cikin garin akwai wata ƙasa dabam, Batikan, mazaunin Paparoma, wadda aka yanke wa iyaka a 1929. Ran Jumma'a kuma muka hau ɗan jirgi zuwa arewacin gari muka yi salla a babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995.

Rum gari ne mai hayaniya, ƙetare titi sai da ƙarfin hali, a tasha da cikin bas kuma mutum ya kula da aljihunsa. Yara kuwa ba sai mun nema ba. Mun tarar da aji guda a zaune kan matakala a kangon tsohuwar kasuwar birni, malama tana tsaye tana nuna musu ginshiƙai da hannu, suna rubutu a kan gwiwa. Muka tsaya muka daɗe muna kallo. Darasin da mu kan zana a allo da alli, su a kansa su ke zaune.

Nafoli

Awa ɗaya da 'yan mintoci suka kai mu Nafoli. A nan aka fara jirgin ƙasa a Italiya, a 1839, 'yar hanya mai kilomita bakwai zuwa Portici. Tun a Milan a ke yi mana kashedi da garin nan, ganin farko kuwa kamar ya gaskata su: ƙarar babura, bango duk rubutu, fenti ya ɓare. Amma da muka shiga tsohon gari, wanda Girkawa suka shata titunansa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sai muka ga abin da muka rasa a Benis. Shanya ta ƙetare titi daga taga zuwa taga. Tsohuwa ta zuro kwando da igiya daga bene, mai kanti ya sa mata burodi ta ja. Masu kifi suna kiran ciniki. Ƙarfe takwas sai lunguna suka cika da yara har ba wurin wucewa. Suna da wata al'ada mai kyau: mutum ya sha gahawa ɗaya ya biya kuɗin biyu, don wanda ba shi da ko kwabo ya zo ya sha ɗayar. A cikin lungunan nan kuma akwai jami'a mai suna L'Orientale, wadda asalinta ke komawa 1732, cikin harsunan da a ke koyarwa a can har da Hausa.

A filin gaban tasha mun ga 'yan Afirka da yawa, waɗansu suna talla, waɗansu suna zaune kurum. Muka yi wa wani sallama, ya amsa da Hausa. Ta Agadas ya bi, ya ratsa Libiya, ya ƙetaro teku a kwale-kwale, kuma bai so ya tsawaita labarin ba. Hanyan nan ta ci rayuka masu yawa. A Oktoba 2013 jirgi ɗaya da ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa ya tafi da mutum fiye da 360. Mu da muka zo da biza da tikitin komawa, da shi da ya zo haka, tasha ɗaya muka tsaya, amma ba gari ɗaya muka gani ba. Akwai kuma waɗanda suka daɗe suka sami takardu, 'ya'yansu na cikin jerin yaran da muka gani da safe, suna surutu da harshen Nafoli.

Bayan garin dutsen Besubiyo ke tsaye, mai aman wuta, wanda rabonsa da tashi tun 1944. Wani ɗan jirgi ya kai mu gindinsa cikin kamar minti arba'in, garin Pompei, wanda toka ta rufe a shekara ta 79, aka fara tono shi a 1748. Ga tituna da sawun amalanke a jikin dutse, ga gidan burodi da dutsen niƙansa, ga gidan wanka. A jikin waɗansu bangaye har akwai baƙaƙe a jere, irin na mai koyon rubutu. Babu garin da aka adana kamar Pompei, kuma ba mai kwana cikinsa.

Ga Mai Niyya

Garuruwan nan shida kowane ya riƙe tsohon gininsa, kuma wannan riƙo shi ke ciyar da su yau. Amma jirgin da ke kawo baƙi da kuɗinsu yana iya kwashe 'yan gari. Bolonya da Nafoli da Rum sun riƙe gini sun riƙe mutane, Milan ba da baƙi ta dogara ba, Fulorans tana tangal-tangal, Benis kuwa tana neman zama wurin kallo. Malamin da zai koyar da labarin ƙasar Italiya, in ya gama jera sunayen garuruwa da koguna, ya dace ya tambayi yara: wa a ke adana gari dominsa?

Wanda Allah ya hore wa ya yi niyyar irin wannan tafiya, ga 'yar shawara. Ya nemi biza ta hanyarta. Ya rage kaya, don abin da ya ɗauka a bayansa zai hau kowace gada. Ya sayi tikitin jirgi mai gudu tun da wuri, amma ko sau ɗaya ya hau mai sannu, ya zauna da 'yan ƙasa ya ga ƙauyuka. Ya riƙe gorar ruwa, ya koyi gaisuwa da godiya da harshensu, don suna jin daɗin haka ƙwarai. Ya kuma tashi da wuri, gama daga ƙarfe goma gari na baƙi ne, masu shi kuwa da safe a ke ganinsu.